Nasiha ga 'ya'yan da aka yi wa iyayensu dashen ƙoda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwa, idan Allah Ya sa an yi wa Baba ko Inna dashen ƙoda, a Kano ne ko Abuja, ko Indiya ko Masar, har aka sallamo su lafiya, a gode wa Allah, a yi sadaka. Amma kada a ce an gama. Daga ranar sallama aiki ya dawo hannun 'ya'ya. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ce hancinsa ya turbuɗe, har sau uku, wanda ya riski iyayensa a halin tsufa, ɗaya ko duka biyun, amma bai shiga Aljanna ba. Ga ƙofar nan an buɗe muku, sai dai hidimar mai sabuwar ƙoda tana son ilimi, ƙauna kaɗai ba ta isa.

Jiki ba ya mantawa cewa ƙodar nan baƙuwa ce. Garkuwarsa kullum a shirye take ta kai mata hari, magani ne kawai yake riƙe ta, shi ya sa ake shan sa muddin ƙodar tana jiki. Yawanci iri uku ake haɗawa: takrolimus, maikofenolet da farednisolon. Takrolimus irin Prograf sau biyu ake sha a rana, awa 12 tsakani, misali ƙarfe 8 na safe da 8 na dare. Kada a ɗaura shi da lokutan salla, domin suna matsawa. A saita ƙararrawa a waya. Advagraf kuwa, wanda shi ma wani nau'in takrolimus ne, sau ɗaya ne a rana, saboda haka ba a musanya wannan da wancan don mai kemis ya ce ai duk ɗaya ne. In an manta, ba a ninkawa a gaba. In an yi amai bayan sha, a kira likita kafin a sake bayarwa.

A fitar da mutum ɗaya wanda maganin yake wuyansa, da mataimakinsa. A gidan yawa ne aka fi tsallake magani, kowa yana zaton wani ya bayar. A ajiye littafi a rubuta kullum: lokacin shan magani, awon hawan jini, zafin jiki, da nauyi da safe bayan fitsari. Ranar gwajin awon takrolimus a jini kada a ba da na safe sai an ɗebi jini. A tafi da shi asibiti a sha bayan an ɗiba, in ba haka ba sakamakon zai fito sama, a rage maganin bisa kuskure.

Maganar kuɗi kuwa, ku zauna ku yi ta a fili. Magungunan nan suna da tsada kuma ba su da ranar dainawa. A raba nauyin wata-wata, a riƙa ajiye na mako 2 a gaba, a wuri mai sanyi marar laima. Iyaye suna da kawaici: uwa za ta iya raba ƙwaya gida biyu a ɓoye don ta tausaya wa aljihunku. Ku riƙa ƙirga abin da ya rage. In hali ya yi wuya a gaya wa likita, kada a rage a gida.

Inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya shi ne wajen masu kawo taimako. Wannan ya zo da jiƙo, wancan da sassaƙe, wani da garin da aka ce yana wanke ƙoda. Ku karɓa da godiya, amma kada ya shiga bakin mai jinya. Akwai tsirran da ke rage ƙarfin takrolimus a jini har jiki ya ƙi ƙodar, akwai masu ƙara shi har ya zama guba. Lemon garehul yana cikin masu ƙarawa, an hana shi gaba ɗaya. Ko habbatus sauda da zuma, a tambayi likitan ƙoda tukuna. Tambaya ba ta rage imani. Magungunan ciwon jiki irin ibufurofen da daikulofenak suna cutar da ƙoda, farasitamol ne aka fi yarda da shi. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta da na tarin fuka su ma suna rikita awon takrolimus, don haka duk likitan da aka je wa, a fara gaya masa an yi dashe.

Sai 'yan dubiya. Dubiya sunna ce, amma a watanni 3 na farko garkuwar jiki tana ƙasa sosai. A taƙaita masu shiga, a wanke hannu da sabulu, mai mura ko tari ya yi gaisuwarsa ta waya, yaro mai ƙyanda ko ƙarambau kada ya kusanci ɗakin. Wannan ba wulaƙanci ba ne. Annabi (SAW) ya hana a haɗa marar lafiya da mai lafiya. A kwana cikin gidan sauro, a nisanta su da kashin kaji da na tattabaru.

Ruwa a tafasa ko a sayi mai tsabta, a sha gwargwadon da likita ya ce. Nono sai dafaffe, nama ya nuna sosai, a bar tsiren bakin titi da kwaɗon ɗanyen ganye na talla. A rage gishiri da dunƙulen miya da zaƙi, domin magungunan suna iya tayar da hawan jini da ciwon sukari. Ayaba da dabino sai an duba gwajin jini. Kada a bar su su ɗaga abin da ya wuce kilo 5 har mako 6 zuwa 8, amma su riƙa ɗan tattaki kullum.

A tafi asibiti a ranar, ba gobe ba, idan zafin jiki ya kai 38, ko fitsari ya ragu ko yana zafi, ko ƙafa da fuska sun kumbura, ko nauyi ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana biyu, ko wurin dashen a mara yana ciwo, ko gudawa da amai sun hana magani zama. Kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne a tafi kemis. Kuma sau da yawa jiki yana fara ƙin ƙoda ba tare da wata alama ba, gwajin jini kaɗai ke nunawa. Don haka "ai na warke" ba dalilin fashin asibiti ba ne.

Azumi: likitoci sukan hana a shekarar farko, bayan nan ma sai da izininsu da gyaran lokutan magani. Ku lallashe su da aya ta 185 ta Suratul Baƙara, Allah sauƙi Yake nufi da ku. Mai niyyar Hajji ko Umara ya sani rigakafin cutar shawara da ake yi wa matafiya yana ɗauke da ƙwayar cutar mai rai da aka raunana, ba a yi wa wanda aka yi wa dashe, a nemi takardar uzuri daga likita.

Za ku ga Baba ya ƙara faɗa, ko Inna ta kasa barci, fuska ta cika, hannu yana rawa. Yawanci aikin magungunan ne, a gaya wa likita. A nan ne aya ta 23 ta Suratul Isra'i take kanku: kada ka ce musu tir, kada ka tsawace su, ka faɗa musu magana mai daɗi. Wanda ya ba da ƙodar shi ma kada a manta da shi, a riƙa auna masa hawan jini da aikin ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya mai ɗorewa, Ya ji ƙansu kamar yadda suka rene mu muna ƙanana. Amin.