Ranar da Kwamfuta Ta Ce Babu Kawu

A ƙauyenmu da ke kusa da Ringim a Jihar Jigawa, ni ake kira injiniya, duk da cewa ko injin markaɗe ban taɓa kwancewa ba. Abin da na iya shi ne rubuta ƙananan manhajoji, kuma uku daga cikinsu suna aiki: ta ƙungiyar manoman riɗi, ta kuɗin makarantar Islamiyya, da ta shagon hatsin Kawuna. Ana gobe kasuwa Kawu ya aiko a kira ni, ya nuna mini cewa buhu 10 na riɗin da ya saya a hannun ƙungiya sun zama tiya 400 a wayarsu, amma tiya 420 a tasa. Maimakon in zauna in duba lissafin, sai na gyara murya na shaida masa cewa matsalar daga sigar kayan aro take.

Gaskiya ne cewa mai rubuta manhaja ba ya ƙera komai da kansa, aro yake yi daga abin da wasu suka rubuta. A irin aikina, ana jera sunayen kayan aron a wani fayil mai suna package.json, kowanne da lambar sigarsa mai kashi uku, kamar 18.2.0, kuma idan lambar farko ta canza, to an yi gagarumin sauyin da zai iya rusa tsohon gini. Na ƙudurta rubuta ɗan gajeren jerin umarni da Bash, harshen ba kwamfuta umarni a rubuce, wanda zai sa umarnin find ya zaƙulo fayilolin, grep ya tsamo layukan, sort da uniq kuma su jera su, domin in ga inda sigogin suka saɓa.

Na karɓo kwamfutata daga wurin mai caji, na zauna a gindin darbejiyar bayan masallaci, inda nan ne kawai intanet ke amsa sallama, Kawu kuma ya shimfiɗa tabarma kusa da ni. Da na danna, sai rubutu ya ɓalle a baƙin allon kamar ambaliyar kogin Haɗeja. Na manta cewa kowane abin aro da ke cikin jakar node_modules, wato rumbun kayan aron, yana da nasa package.json, shi ma ya aro daga wasu, waɗancan ma sun aro, kamar bashin ranar biki. Yara suka taru suna zaton fim ne, wani dattijo kuma ya tambaye ni ko sakamakon zaɓe ake tattarawa. Na tsayar da shi, na umarci find da ya tsallake wannan jaka.

A karo na biyu sai ya kawo ƙorafi. Ashe jakar shagon na raɗa mata suna Shagon Kawu da tazara a tsakani, kuma saboda ban rufe sunan da alamar zance ba, Bash ya ɗauke shi abubuwa biyu. Ni kuwa da ɗabi'ar fassara abin da ke allo a bayyane, sai na ce: "Ya ce babu Shagon, kuma babu Kawu." Kawu ya miƙe zaune ya ce: "Kai ɗan nan, faɗa wa wannan abin ina nan da raina, shagon ma da gumina na gina shi."

Bayan na gyara, sakamako ya fito tsaf: React, abin aron da ke zana fuskar manhaja a allo, siga ta 16 a shagon Kawu, ta 17 a ƙungiya, ta 18 a makaranta. Nan ne ya kamata in tsaya, domin aikin jerin umarnin shi ne ya nuna bambanci, ba wai ya ce bambancin laifi ne ba. Amma kaina ya riga ya kumbura. Na sa sed, umarnin da ke sauya rubutu a cikin fayil, ya mayar da dukkansu siga ta 19, wadda ta fito a Disamban 2024, na ƙarar da datata wajen sauko da ita, sannan na tura aikin ba tare da gwaji ba.

Abin da ban karanta ba shi ne, a siga ta 19 an cire ReactDOM.render, tsohuwar ƙofar da manhajar Kawu da ta ƙungiya ke bi su bayyana. Wayar Kawu ta zama fara fat kamar sabon allon da ba a rubuta wa Basmala ba. Bayan magariba sakataren ƙungiya ya iso a kan babur da tasa farar wayar. Ta ƙungiya na maido da ita da Git, manhajar da ke adana tsofaffin kwafin aiki, cikin minti biyar, amma ta Kawu rabona da adana ta tun kafin damina, don haka na kwana ina gyara da hannu, sauro na karɓar zakkarsa.

Gab da kiran assalatu, ina cikin laluben fayilolin, idona ya faɗa kan layin da na rubuta da hannuna bara: buhu ɗaya, tiya 42. Kawu ne ya ce in sa haka, wai shi buhunsa cika yake har da tozo. Da na kai masa labari, sai ya ciro tsohon littafinsa na bashi daga ƙarƙashin tabarma, ya kaɗe masa ƙura, ya ce in ara masa biro.