Igiyar Toyota da ogan da ba a gaya masa gaskiya

A 1982 kamfanin General Motors ya rufe masana'antarsa ta haɗa motoci da ke Fremont, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Ma'aikatan wurin sun yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da yajin aiki, motocinsu kuma ba sa rabuwa da matsala. A 1984 aka sake buɗe ta da sunan NUMMI, bisa haɗin gwiwa da Toyota, kuma akasarin waɗanda aka ɗauka tsoffin ma'aikatan nan ne da aka yanke wa ƙauna. Ba a jima ba ingancin motocinsu ya kusa kamo na Japan, fashin aiki ya ja baya sosai.

Mutanen dai su ne, mu'amala ce ta canza. A da doka ita ce layin haɗa mota ba ya tsayawa, ko ka ga ɓarna ka bar ta ta wuce. Toyota ta rataya igiya a saman kowane ma'aikaci. In ƙusa ta ƙi ɗauruwa sai ka ja, fitila ta kama, shugaban rukuninku ya taho da sauri ya kama maka. In abin ya gagara, layin ya tsaya. Daga baya a zauna a binciko musabbabin, a gyara tsarin don kada a maimaita. Koyon da kamfani ke yi ke nan, kuma daga bakin ƙaramin ma'aikaci yake farawa.

To, leƙa ofisoshinmu. Akawu ya gano kuskure a takardar da oga ya sa wa hannu. Ya tsaya bakin ƙofa, fayil a hannu, ya tuna yadda aka yi wa abokinsa tatas a gaban jama'a, sai ya juya. "Ba gonar ubana ba ce." Gobe oga ya yi ƙorafin yaran yanzu ba su da kishin aiki, a kwashi mutane zuwa otal a yi bitar kwana uku, a ci kaji, a karɓi alawus, a dawo gidan jiya.

Za a ce ai matsalar albashi ce. Da gaskiya a ciki: mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da Najeriya ta amince da shi a 2024 ba ya kai magidanci ƙarshen wata. Amma kamfanin bincike na Gallup ya gano kashi 21 cikin ɗari kacal na ma'aikatan duniya ne suka sa zuciyarsu a aiki a 2024, har da ƙasashen da ake biya da tsoka. Gallup ɗin ya ɗora kusan kashi 70 na bambancin himma tsakanin rukunonin ma'aikata a kan shugaban da ke kansu kai tsaye.

Shi ya sa nake ganin kafin a ware kuɗin wata bitar, a fara tambayar kowane shugaban sashe: yaushe rabon da na ƙasa da kai ya ce maka "yallaɓai, nan akwai gyara", kuma me ka yi masa?