Marubucin labari ya koma ya saurari mai tatsuniya

Yawancin ƙagaggun labaran Hausa na yau ba a takarda suke isa ga jama'a ba. A waya ake karanta su, babi bayan babi, a zaurukan WhatsApp da Wattpad. Wasu kuma ta kunne suke shiga, domin gidajen rediyo da tashoshin YouTube suna karanta su ga matan da hannunsu ke kan girki ko keken ɗinki. Marubuta sun yawaita, mata ne kan gaba, kuma wannan abin farin ciki ne. Abin da ke damuna shi ne tsawon da ba shi da dalili. Sai a cinye shafi uku ana bayanin launin leshin amarya, da kujerun falo, da irin motar da Alhaji ya shigo da ita, labarin kuwa yana nan inda aka bar shi jiya.

A ganina malaman da za su gyara mana wannan suna cikin gida. Mai tatsuniya da makaɗi suna aiki ne a gaban mutanen da za su iya tashi su tafi. Kakar da ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku" idonta na kan yara. Da ta ga gyangyaɗi ya soma, sai ta jefa waƙa, ko ta fito da Dodo daga bayan kuka. Haka aka yi ta tace tatsuniya daga baki zuwa baki, har duk abin da ba ya riƙe mai sauraro ya zube a hanya. Marubuci shi kaɗai yake zaune da wayarsa, ba ya ganin hammar kowa.

A duba tatsuniyoyin 'yar bora da 'yar mowa. Ba a taɓa tsayawa a ce mana wance tana da ladabi da haƙuri, wance kuma fitsararriya ce. Hanya ɗaya ake ɗora su. 'Yar bora ta tarar da tsohuwa a bakin rafi, tsohuwa ta ce a cuɗa mata baya, yarinya ta durƙusa ta cuɗa. 'Yar mowa ta zo wurin nan, ga tsohuwar nan, ga roƙon nan, ta yatsine fuska ta yi mata baƙar magana. Shi ke nan, yaro ɗan shekara biyar ya gama sanin halin kowacce, har ya fara hango abin da zai same ta. Maimaicin da ake yi ba ɓata lokaci ba ne, da shi ake auna bambancin mutum biyu. A littattafanmu kuwa marubuciya za ta rantse mana tun shafin farko cewa jarumarta kowa na yabon halinta, mu kai ƙarshen littafi ba mu ga ranar da halin ya ci jarrabawa ba, sai kuka da rashin lafiya da suma.

Sai batun murya. Gizo da tsamin bakinsa ake gane shi, ko ba a ambaci sunansa ba. Masu wasan kwaikwayon rediyo sun riƙe wannan da kyau, tunda ba su da fuska ba su da tufafi, dole maigida da bara da dillaliya kowa ya zo da bakinsa. Ɗauki littafin zamani ka rufe sunayen masu magana da yatsa, da wuya ka raba Hajiya da 'yar aikinta. Kaka daga ƙauye da likitan da ya dawo daga Ingila harshe ɗaya suke yi. Alhali Hausa na da yalwa a nan: Basakkwace ba ya magana kamar Bakano, mutumin Damagaram dabam, ɗan zangon Kumasi dabam, mahauci da malamin zaure kowa da kalmomin da ke bakinsa. Tun da labaran nan ana karanta su da murya, wannan raunin a fili yake fitowa, mai karatu ya yi ta faman sauya murya domin ya raba mutanen da marubuci bai raba ba.

Makaɗan fada ma haka. Zambon irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo ba ya kiran suna, siffa ɗaya ko biyu ake kamawa, taro ya gane wanda ake nufi. Wanda ya iya zaɓen siffa ɗayan nan ba ya bukatar sakin layi biyu a kan hanci da gashin ido.

Wani zai ce zamani ya sauya, marubutan yau finafinan Indiya da na Turkiyya suke kallo, daga can suke ɗauko fasali. Aro ba laifi ba ne, kuma da shi aka fara. Gasar rubuta ƙagaggun labarai da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da littattafai biyar a 1934, ta samu marubutan da suka tashi cikin tatsuniya da littattafan Larabci, kuma da su suka yi gini. Abubakar Imam a Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, ya ɗebo daga Alfu Laila da labaran Indiya da na Turai. Sai dai a lura da abin da ya yi da su. Ya sa su a bakin aku wanda dole ya riƙe Musa ɗan sarki da labari don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Kowane labari yana da aikin da yake yi, in ya yi sanyi yaro ya fice. Wannan shi ne aron gwani. Mu kuwa gidan bene da rawar biki da hatsarin mota muke kwasowa daga fim, mu bar abin da ya fi amfani, wato yadda mai tace fim yake shiga fage bayan an gama gaisuwa, ya yanke da zarar magana ta kai inda ake so. A littafi sai mun raka jaruma ta yi wanka, ta shafa mai, ta sauko daga bene, ta gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, kafin a faɗi abin da ya tara mu.

Na san akwai matsin da ke bayan wannan. Masu karatu sun biya kuɗin shiga zaure, kullum suna jiran sabon babi, marubuciya kuma tana da gida da yara da wataƙila aiki. Wanda ake bi bashin shafi kowace safiya zai cike shi da abin da ya samu. Amma masu karatun nan su ne suke tsallake shafuka suna neman inda rigima take, kuma su ne suke watsewa in labari ya yi tsawon da ya gundure su. Gasar gajerun labarai ta Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna cewa in aka ƙayyade wa marubutanmu mata yawan kalmomi, suna iya kawo labari mai nauyi a 'yan shafuka.

Ba ina cewa a mai da littafi tatsuniya ba. Gizo ba ya sauyawa, yadda ya shiga labari haka yake fita, kuma tatsuniya ba ta damu da abin da ke cikin zuciyar kowa ba. Ba ta taɓa tambayar me 'yar mowa ta ji da uwarta ta tura ta hanyar da ba ta so, ko me ya mai da uwar haka a gidan da ake auna mace da kishiyarta. Nan ne filin marubucin littafi, kuma nan ya kamata shafukan da aka ƙwato daga leshi da kujeru su tafi. Ƙungiyoyin marubuta da ke Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato suna da zaman karatu. Ya kamata kowane marubuci ya riƙa kai babinsa can kafin ya sake shi, wani ya karanta da ƙarfi, shi kuma ya zauna da biro yana kallon fuskokin mutane, ya sa alama a duk layin da ya ga an fara duba waya.