Kasa a Kano, kasa a Tokyo: kamar kalma ba shaidar dangantaka ba ce

Lokaci-lokaci sai ka ga an yaɗa rubutu a Facebook ana cewa Hausa da Japananci 'yan uwa ne, wai don akwai sunan Kano a Japan, kuma tsohon sunan Tokyo Edo ne. Sunayen gaskiya ne, Jigoro Kano ne ma ya kafa wasan judo a 1882. Hukuncin da ake ɗorawa a kansu ne ba shi da tushe.

Mu ɗauki kalma guda, kasa. A Japananci laima ce. A Swahili kunkurun teku ne. A harshen Twi na Gana magana ake nufi, a Turkanci akwatin ajiyar kuɗi, wanda suka aro daga Italiyanci, Sifaniyawa kuwa gida suke kira haka, suna rubuta shi da c. Ko a gida ba guda ba ce: akwai kasa macijiya, akwai kasa ta gazawa, akwai kasa kaya kashi-kashi a kasuwa, sannan ga ƙasa da masu waya ke cire wa lanƙwasa. Kunnen Bahaushe yana rabe su da karin sauti da tsawon wasali, rubutun boko ne ba ya nuna waɗannan. Wanda ke kwatanta harsuna da ido a kan takarda ya ɓata tun daga nan.

Me ya sa irin wannan karo ke yawa? Lissafi ne kawai. Harshe mai baƙaƙe 20 da wasula 5 yana da gaɓoɓi 100 na baƙi da wasali, wato kalmomi masu gaɓa biyu ba za su wuce 10,000 ba. Hausa da Japananci da Swahili da Sifaniyanci duk wasula biyar suke rubutawa, duk suna son gaɓa mai ƙarewa da wasali. A duniya mai harsuna wajen 7,000, da ba a samu karo ba ne abin mamaki. Wani lokaci har ma'ana tana haɗuwa: a Mbabaram, wani harshe na 'yan asalin Ostireliya, sunan kare daidai yake da na Turanci, wato dog, alhali babu aro babu gado.

Dangantakar gaskiya takan ɓuya. Wa zai ce littafi daga alkitabu na Larabci ya fito? Kasuwa ta biyo ta Barebari, a can kasugu ce, asalinta suƙ na Larabawa. Tun daga aikin masanin harsuna Joseph Greenberg a shekarun 1950 masana suka tsayar da Hausa a reshen Cadi na babban dangin da ya haɗa Larabci da Ibrananci da tsohon harshen Masar. Hujjojinsu a can cikin ginin harshe suke, ga na Hausa da takwarorinsu na Larabci: ta ta mace a "ta zo" da "taktubu", mutu da maata, me da maa, suna da ism. Irin waɗannan ba a cika aronsu ba, kuma suna zuwa ne a jere bisa ƙa'ida.

Kafin a ce kalmomi biyu tushensu ɗaya, sai an fara gano tsohuwar siffar kowacce da tsohuwar ma'anarta. Sai a duba ko sauyin sautin ya maimaita kansa a wasu kalmomi da yawa. Idan aro ake zargi, a nuna hanyar da ta biyo: fatauci, addini ko mulki. Baba da mama kuwa a ajiye su gefe, domin daga leɓen jarirai suke fitowa a ko'ina. A Jojiyanci mama uba ne.

Tsallake waɗannan matakai ya taɓa ruɗar har 'yan jarida da malamai. An daɗe ana rubuta cewa boko daga kalmar littafi ta Turanci, wato book, ta samo asali, saboda kama kawai. A 2013 masanin harshen Hausa Paul Newman ya nuna cewa kalmar Hausa ce tsohuwa mai nufin yaudara ko abin jabu, kamar a amaryar boko, wadda ake ɗorawa a kan doki a maimakon ta gaske. Da aro ce, da buku za a ce, kamar yadda mai dafa abincin Bature ya zama kuku.