Mai bi yana kuka, kuma yana jiran girbi

Wata uku ke nan da muka binne Goggo, ƙanwar mahaifina, a ƙauyenmu da ke yankin Malumfashi, amma wata magana da aka faɗa a bakin kabarin ta ƙi barina in huta. Lokacin da aka fara zuba ƙasa, babbar 'yarta ta durƙusa ta fashe da kuka. Sai wani dattijon ikilisiya ya matso ya ce mata, "Haba 'yata, share hawayenki. Mai bi ba ya kuka. Kada mutane su ce ba mu da bege." Ta haɗiye kukan, ta miƙe. Da tsakar dare na fito shan iska, na jiyo ta a bayan rumbu tana kuka ita kaɗai, ta toshe bakinta da gefen zane don kada a ji.

Baban nan ina girmama shi, shi ya koya mini karatu a makarantar Lahadi, kuma na san da zuciya ɗaya ya yi maganar. Amma bai faɗi daidai ba, kuma ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Na sha jin irinta a jana'iza a Kaduna, a Jos, a Zariya. Mun mai da begen tashin matattu kamar wata doka ta hana kuka.

Ku buɗe Yahaya sura 11, wadda tsohuwar fassarar 1932 da Goggo take karantawa ke kira Yohanna. Li'azaru ya kwana huɗu a kabari a Baitanya, har 'yar'uwarsa Marta tana cewa ai yanzu ya yi wari. Yesu ya san abin da ya kawo shi. Ya riga ya gaya wa Marta cewa shi ne tashin matattu, shi ne kuma rai. Saura ɗan lokaci kaɗan ya kira mamacin ya fito. Duk da haka da ya ga Maryamu, ɗaya 'yar'uwar Li'azaru, tana kuka, shi ma ya zubar da hawaye, har mutanen da ke wurin suka ce a dubi irin ƙaunar da yake yi masa. To in wanda mabuɗin kabari ke hannunsa ya yi kuka a bakin kabari, wa ya isa ya hana yarinyar da ta rasa uwa? Da aka jejjefe Istifanas, Ayyukan Manzanni 8:2 ta ce masu tsoron Allah ne suka binne shi, suka yi masa makoki mai yawa. Ayar da ake yawan jawowa kuma, 1 Tasalonikawa 4:13, ba ta hana baƙin ciki ba. Bulus ya ce kada mu yi baƙin ciki irin na waɗanda ba su da bege. Irin baƙin cikin ya bambanta, shi ke nan.

Akwai wata maganar da muke yi wadda ta fi wannan damuna. Sai ka ji an ce, "Ai wannan ɓawo ne kawai, ita tana can sama." Na yarda wanda ya yi barci cikin Ubangiji yana wurin Ubangiji. Amma jikin Goggo ba ɓawon gyaɗa ba ne da za a fasa a yar. Hannayen nan da aka naɗe su ne suka yi mini wanka da ruwan ganye ina fama da ƙyanda, su ne suka kaɗa tulu a waƙar Zumuntar Mata shekara da shekaru. A shaidar bangaskiyar da muke karantawa a majami'a muna cewa mun gaskata da tashin jiki, amma da mun je maƙabarta sai mu manta. Yesu da ya tashi, bai zo wa almajiransa kamar fatalwa ba. A Luka 24 ya nuna musu hannuwansa da ƙafafunsa, ya ce su taɓa, ya nemi abinci, suka ba shi gasasshen kifi ya ci a gabansu. Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa fiye da 'yan'uwa 500 sun gan shi a lokaci guda, yawancinsu suna da rai sa'ad da yake rubutun, wato mai shakka ya je ya tambaye su.

Abin da ya warware mini wannan magana daga gona ya fito. Yaran da suka tashi a birni wataƙila ba su san binne ba. A ƙasarmu, idan bazara ta yi nisa, zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, manomi yakan ɗebo irin geron da ya ɓoye tun kaka, wanda ya hana kansa da iyalinsa ci ko da rumbu ya yi ƙasa, ya tafi gona ya yi sara a busasshiyar ƙasa ya zuba ya take da diddige. Ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Wannan shuka ita muke kira binne. Kalma ɗaya ce da abin da muka yi wa Goggo. Wanda bai san noma ba, in ya ga mutum yana tura abincinsa cikin turɓaya ga yara da yunwa a gida, zai ce asara ce. Shi mai gonar ya san abin da yake jira.

Wannan hoton ne Bulus ya ɗauka a 1 Korintiyawa 15. Wani ya tambaya da wane irin jiki matattu za su tashi, sai ya amsa masa da cewa abin da ka shuka ba ya tsirowa sai ya mutu, kuma ƙwaya kake shukawa, Allah ne yake ba ta jikin da ya ga dama. Ana shukawa cikin ruɓa da rauni, ana tashi cikin rashin ruɓa da ƙarfi. Ku dubi ƙwayar gero a tafin hannu, ku dubi karan da ya fi mutum tsawo da zangarniya a kansa. Ba su yi kama ba, amma wannan daga wancan ya fito, gero kuma ba ya tsirowa ya zama dawa. Goggon da muka sa a ƙasa ita ce za ta tashi, ba wata ba. Zabura 126 kuma ta riga ta haɗa abubuwan nan biyu da dattijonmu yake so ya raba: masu shuka da hawaye za su yi girbi da murna. Hawayen yana cikin aikin shukar.

Na san binnen manomi caca ne wani lokaci. Yayyafi kan sauka iri ya tsiro, ruwa ya ɗauke, tsiron ya ƙone. Zabbi da ɓeraye kan tone. Abin da ya raba namu da nasa shi ne an riga an ga amfanin gonar. Bulus ya kira Almasihu nunan fari na waɗanda suka yi barci. Mu da muka san tumu mun fahimci wannan. Ranar da aka karyo zangarniyar farko aka gasa aka murje, ba a cika rumbu ba tukuna, amma duk gidan ya san yunwa ta kusa ƙarewa.

In da gaske mun yarda da haka, ya kamata a gani a yadda muke jana'iza. Yanzu a garuruwanmu gawa takan yi makonni a ɗakin ajiye gawa na asibiti ana jiran a tara kuɗi. A fitar da anko, a buga kalanda da hoton mamaci, a kafa rumfuna, a yanka saniya, a sayi akwatin da kuɗinsa zai biya wa marayun makaranta. Baƙi su watse, gwauruwa ta zauna da bashi. Maƙwabtanmu Musulmi da suka zo mana ta'aziyya, su ma suna jiran ranar tashin ƙiyama bisa ga imaninsu, kuma likkafani da ƙasa sun ishe su. Manomi ba ya yi wa iri ado kafin ya binne shi.

Bege irin wannan ba ya tsayawa a maƙabarta. 'Yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, waɗanda aikinsu ya fara a gindin tsamiya a Garkida a 1923, sun ga abin da ba a fatan gani. Yawancin 'yan matan da aka sace a Chibok a watan Afrilun 2014 'ya'yan ikilisiyarsu ne. A watan Oktoba na 2014 ɗin aka mamaye hedkwatarsu a Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka koma Jos na wani lokaci, majami'u da yawa suka zama toka. Sun yi kuka, kowa ya gani. Sun kuma koma, sun yi sujada a kango, sun sake gini, a 2023 suka yi bikin cika shekara 100.

Ni kaina wannan kalma ta kama ni ta inda ban zata ba. Romawa 6:4 ta ce ta wurin baftisma an binne mu tare da Almasihu, domin mu yi tafiya cikin sabon rai. Ina karanta ta bayan jana'izar, sai na tuna shekara huɗu ke nan ba na gaisawa da yayana saboda iyakar gonar mahaifinmu. Mun ɗauki akwatin Goggo tare, shi a gaba ni a baya, ko kallon juna ba mu yi ba. Ina cewa na gaskata Allah zai ta da ruɓaɓɓen jiki, amma na yanke cewa zumuncin da ke tsakanina da ɗan uwana ciki ɗaya ya mutu har abada. Kwana uku ina kokawa da zuciyata kafin na je ƙofarsa da sassafe na ce, "Yaya, na zo neman gafara." Bai amsa nan take ba. Ya shiga ciki ya fito da tabarma. Maganar gonar har yau ba mu gama ta ba, amma muna cin tuwo a kwano ɗaya.

Goggo ta yi binnenta kafin ciwon ya kwantar da ita, a 'yar gonarta ta bayan gida. Ruwan farko ya sauka bayan mun binne ta. Jikokinta suka yi noman fari da maimai. Makon jiya 'yarta ta kira ni ta ce gero ya fitar da kai, an kusa tumu, in zo. Muna maganar sai muryarta ta fara rawa, ta ce in yi haƙuri. Na ce mata, "Yi kukanki, ƙanwata, ina jin ki." Ta yi mai isarta, ban kashe wayar ba. Ranar Asabar zan shiga mota in tafi gida.