Shekara bakwai ba su a kogin Yukon, amma jiragen teku suna nan suna kwasa

A watan Afrilun 2024 ne jihar Alaska ta Amurka da gwamnatin Kanada suka sa hannu kan cewa ba mai ƙara kama kifin salmon, nau'in da ake kira Chinook, a kogin Yukon, wanda ya taso daga Kanada ya ratsa Alaska, har zuwa 2030. Shekara bakwai cif. Lissafin masana ne, don kusan tsawon rayuwar kifin kenan, a kogi ake ƙyanƙyashe shi ya gangara teku ya girma, sannan ya juyo ya hau ruwa, wani ya ci kilomita 3,000 ba ya cin komai a hanya, ya zuba ƙwai inda aka haife shi ya mutu.

Ni dai ina ganin masanan nan suna da gaskiya. Akwai na'ura a kusa da garin Eagle, dab da iyaka, da take ƙirga kifin da amon sauti, abin da ake so ya tsallaka Kanada a shekara 71,000 ne, a 2022 da 2023 kuwa ko 20,000 ba a samu ba. In aka ci gaba da su a haka ai an zama manomin da ya dafa irin shukarsa. Kuma ita Kanada ta taɓa ɗanɗanawa, ta yi ta jan ƙafa kan kifin cod a Newfoundland har sai da aka rufe kamun a 1992, mutum kusan 30,000 suka rasa sana'a, ba a sake buɗewa ba sai 2024.

To amma wa ke biyan kuɗin wannan shawarar? ƴan asalin yankin ne, ƙauyukan da mota ma ba ta zuwa, kayan kanti sai jirgin sama ya kawo, ga tsada. Mutanen da duk lokacin zafi iyali suke tashi su tare a bakin kogi, a tsaga kifi a shanya a banda shi saboda hunturu, kaka na nuna wa jika yadda ake riƙe wuƙa. Yanzu ɗakunan bandar nan fayau suke, yaron da ke da shekara 8 lokacin da aka sa dokar sai ya kai 15 bai taɓa jefa raga don Chinook ba. Shugabanninsu da dama sun ce ba a ma zauna da su ba aka yanke.

Can tekun Bering kuwa, inda kogin Yukon ke zubawa, manyan jiragen kamfanoni masu kamun kifin pollock aiki suke abinsu, kuma Chinook na faɗawa tarunsu, a 2007 kaɗai ya kai wajen 120,000, shi ya sa aka sa musu iyaka daga 2011. Eh, gwajin ƙwayar halitta ya nuna ɗan kaɗan ne a ciki na Yukon, kuma babbar matsalar ɗumamar ruwa ce da wata cuta mai cin zuciyar kifin. Na yarda. Amma in har an kai matsayin da za a ce wa tsohuwa kar ta taɓa ko guda ɗaya, to gaskiya ba a kyauta ba a bar kamfani da kason dubbai wai don nasa "kuskure" ne. A matse iyakar jiragen nan ita ma har 2030, kuma a ba mutanen kogin kujera a majalisar da ke yanke ta.