Gwanjo da tukwici, daga Kasuwar Barci zuwa Houston

Ɗan Kaduna da ya sauka a Amurka, abu biyu ne za su fara rikita masa lissafi, kuma duka biyun ya baro su a gida: gwanjo da tukwici. Wanda muke ɓoyewa su tinƙaho suke yi da shi, wanda muke bayarwa don ra'in kanmu su kuma sun mayar da shi dole.

Duk wanda ya tashi a Tudun Wada ya san ranar fasa dila a Kasuwar Barci, tun kafin rusau ɗin 2020 da ya sauya mata kamanni. 'Yan sari ne ke fara zagaye dilar, su tsince na tsincewa, sannan a baza saura. Mai kaya zai ɗaga riga ya karkaɗe ta ya ce, "Hajiya, zaɓin farko ne, wallahi yau aka fasa." Ki taya, ya ce albarka, ki juya kamar za ki tafi, ya ce kawo kuɗin. Daga nan sai wurin mai wanki da guga, a bi ta da turaren wuta don a kashe warin nan da kowa ya sani. In kuwa wata ta yaba a gidan biki ta tambayi inda aka samo, amsar ɗaya ce: "Yayata ce ta aiko min." Rabin gari na sanye da gwanjo, amma ba za ka samu mai amsa cewa shi ne ba.

A nan Houston, a jihar Texas, abin ya sha bamban. Abokiyar aikinki za ta shigo da jaket, tun ba ki tambaya ba ta ce a Goodwill, wani shagon gwanjo, ta tsinto ta dala shida, tana murna kamar ta ci gasa. Akwai kuma shagunan da suka fi wannan tsada, na kayan da suke kira bintej, wato tufafin da suka kai shekara ashirin ko fiye. Wandon Levi's na shekarun 1990 da gwiwarsa ta koɗe yana iya fin sabo kuɗi, kuma koɗewar ce ake saya. Masu wannan sana'a su ma 'yan sari ne: suna sammako zuwa rumbunan da ake sayar da kaya a kan sikeli, su tsince masu daraja, su ɗora a shafukan ciniki na intanet irin su eBay ko Depop. Abin da ya rage bayan shago ya zaɓa, ɗan sari ya zaɓa, masu tacewa sun zaɓa, shi ake matsewa a ɗaure a loda a jirgin ruwa. Dokar kwastam ta Najeriya ta hana shigo da shi, don haka yawanci ta Kwatano yake zagayowa. Wato zaɓin farkon da ake rantse mana da shi a Kasuwar Barci ya riga ya wuce hannu uku ko huɗu.

Ban ga laifin mai sayen gwanjo ba, kuma kunyar da muke ji da shi ba ta da amfani. Uba mai 'ya'ya shida ba zai kai kowa wurin tela ba a wannan tsadar. Abin da ke ci min rai shi ne garin da ake wannan kunyar. Kaduna ce fa. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, daga baya su Arewa Textiles da Nortex da UNTL suka biyo, har unguwar ta zama ana gane lokaci da fitowar ma'aikata. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Rashin wuta, da yadin fasa-ƙwauri mai araha, da lalacewar noman auduga, da dilolin gwanjo, kowanne ya sa hannu. Atamfar da aka buga a Kakuri a shekarun 1970 da 1980 yanzu ba za a sake buga irinta ba, kuma bisa ma'aunin mutanen nan ita ce ainihin kaya mai daraja. Tana nan a ƙasan akwatin iyayenmu, tare da saƙi da tsofaffin riguna masu aska takwas da aka yi wa aikin hannu. Mu kuwa in an zo rabon gado, gwal da fili ake kallo. Zannuwan sai a ce a ba mabuƙata, wasu su ƙare a tsumman goge ɗaki. Da na ɗaura wani tsohon zanen Innarmu zuwa walimar wurin aiki, tambayar da aka fi yi min ita ce shekararsa nawa. A Kaduna da tambayar ita ce ko ban yi ɗinkin Sallah ba ne.

Tukwici ya fi ba mutanenmu wahala, domin shi aljihu yake taɓawa.

A gida mun san shi sarai. Yaro ya kawo ƙwaryar abinci ko naman layya daga maƙwabta, ba a mayar da shi hannu rabbana. Masu kawo lefe ana ba su nasu. Amma a ciniki, mai sayarwa ne ke ƙarawa: mai tumatir ta yi miki gyara, mai balangu ya miƙo ɗanɗano tun kafin a yi ciniki. In ka ci abinci a wani wuri a titin Ahmadu Bello ka bar wa yaron canji ka ce ya sha ruwa, alheri ka yi, zai ce Allah ya ƙara arziki. In ba ka bari ba, babu wanda zai bi ka da ido.

A nan kuwa farashin da ke kan takardar abinci somin-taɓi ne. A ce kun ci na dala 60. Harajin saye a Houston kashi 8.25 ne cikin ɗari, kusan dala biyar ke nan. Sannan ga layin da aka bari a ƙasan rasit, inda ake sa ran ka rubuta kashi 15 zuwa 20, kuma yanzu 20 ɗin ne ya zama ruwan dare, wato dala 12. Sabon zuwa nan take zai juya ta zuwa naira, ya ga ta haura dubu goma, ya ajiye biro. Na sha jin mutanenmu suna cewa, "Ai aikinta ne, ba ana biyanta albashi ba?" Wani ma cewa yake bai baro na goro a shingen hanyar Abuja ba don ya zo ya tarar da shi a faranti.

To, ba ɗaya ba ne, kuma lissafin ne zai nuna. Mafi ƙarancin albashi na tarayya a Amurka dala 7.25 ne a awa, tun 2009 bai motsa ba. Amma ga ma'aikacin da ke samun tukwici, doka ta yarda mai gidan abinci ya biya shi dala 2.13 kacal, adadin da yake nan tun 1991, bisa cewa abin da masu cin abinci suka bari zai cike giɓin. In bai cike ba, a doka mai wurin ne zai cika, sai dai ma'aikaciyar da ke tsoron a rage mata ranakun aiki ba kasafai take ɗaga murya ba. Wasu jihohi irin su California da Minnesota da Washington sun ce a biya cikakken albashi ko da tukwici, amma Texas na kan 2.13. Ƙari a kan haka, a wurare da yawa mai kawo abinci tana yanka wa masu kwashe kwanuka wani kaso bisa yawan cinikin teburinta, ba bisa abin da aka ba ta ba. Teburin da ya tashi bai bar komai ba, daga aljihunta za ta biya nasu. Mai karɓar na goro a shinge yana da ikon tsare ka. Wannan ba ta da ikon komai, ta gama yi maka hidima kafin ta san ko za a biya ta.

Tsarin kansa ba abin yabo ba ne, asalinsa ma ba shi da daɗin ji. Bayan yaƙin basasarsu da ya ƙare a 1865, kamfanoni irin su Pullman na jiragen ƙasa sun ɗebi baƙaƙen fata da aka 'yanta daga bauta, suka ba su albashi kaɗan, suka bar sauran a hannun fasinja. A 1966 aka shigar da rangwamen nan na rage albashin mai samun tukwici cikin dokar ƙwadago. A Japan ba a bayarwa sam, kuma hidimarsu ba ta ragu ba. A Landan sau da yawa kashi 12.5 na cikin rasit, ka gani ka biya. Saboda haka ra'ayina shi ne, wanda ya zauna aka kawo masa abinci a Amurka ya sa kashi 20 cikin kuɗin abincin tun daga gida, in ba zai iya ba ya saya ya tafi da shi. Haka mai aski, da mai kawo saƙon abinci har ƙofa. Hana su ba ya taɓa mai kamfani ko kaɗan. Allon nan kuwa da ake juyo maka a kanta don an miƙo maka kofin shayi, mai nuna tukwicin kashi 18 da 20 da 25, ina danna babu, ban kuma jin nauyin kowa.

Kafin mu yi wa Amurkawa dariya, mu leƙa kasuwar Sheikh Gumi. Ɗan dako zai ɗauki buhu daga tsakiyar kasuwa har bakin titi, ka tambaye shi nawa, ya ce, "Ko nawa ne, Alhaji." Yaron shago yana shekaru ba albashi, yana jiran ranar sallama. Mai aikin hannu zai yi makonni a kan wuyan riga ɗaya, mu zauna mu taya kamar muna sayen albasa. Su ma a kan ganin damar mai biya suke rayuwa, sai dai mu ba mu da ko kason da aka sani, kuma mai hannu da shuni da ya ba da ɗari biyu har godiya yake jira. Ni yanzu in na je gida sai mun yanke kuɗi da ɗan dako kafin ya ɗora kaya a ka, ko da zai yi ta cewa haba Hajiya.

Abin da ba na fata shi ne 'yan uwana masu dawowa hutu su koya wa masu gidajen abinci na Barnawa da Unguwar Rimi cewa ana iya rage albashin yara a bar wa mai cin abinci ya cika. A biya yaro haƙƙinsa a ƙarshen wata, wanda ya ga dama ya ƙara masa na ruwa. Cajin mai POS ma ya ishe mu.